Lambar 2,147,483,647: me ya hana ta rabuwa, kuma a wane rukuni take?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhaja, sai na lura duk lokacin da lissafina ya kai 2,147,483,647 na ƙara 1, kwamfuta sai ta ba ni lamba mai alamar ɗebewa. Wani abokin karatuna ya ce wai lambar nan babu abin da ke raba ta. Ta yaya aka tabbatar da haka a lamba mai girma irin wannan? Kuma idan masana lissafi suka kasa lambobi rukuni-rukuni, ina suke ajiye ta?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya faɗi gaskiya. In ban da 1 da ita kanta, babu lambar da za ta raba 2,147,483,647 ba tare da saura ba. Irin waɗannan lambobi Turawa na ce musu firaim, ni kuwa a aji gagara-rabo nake kiran su, kuma da sunan zan ci gaba a nan. Na ji daɗin tambayarka ƙwarai, domin ka dace da lambar da ta fi kowace sauƙin nuna wani abu da nake fama da ɗalibai a kansa: girman lamba ba ya gaya maka halinta. Yadda aka gina ta shi ke gaya maka.

Mu fara da abin da ido ke gani. Biliyan 2 ce da miliyan 147 da dubu 483 da 647, alƙaluma goma ke nan. Ta ƙare da 7, saboda haka mara ce ba cika ba, kuma 5 ba ta raba ta. Ba murabba'i ba ce, domin duk lambar da ka ninka da kanta sai dai ta ƙare da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9. Ka tara alƙalumanta za ka sami 46. Raba 46 da 3, saura 1. Raba ta da 9, saura 1. Ke nan ita ma babbar lambar haka za ta yi. Ka gwada ta da 7, saura 1. Da 11, saura 1. Ka riƙe wannan 1 da ke ta maimaituwa, akwai dalilinsa, za mu iso wurin.

Sai dai rubutun nan na alƙaluma goma riga ce kawai da muka sa mata. Ka ɗauki 1 ka yi ta ruɓanyawa: 2, 4, 8, 16, 32, har sau 31. Za ka tsaya a 2,147,483,648. Ɗebe 1, ga lambarka. A taƙaice ana rubuta ta 2^31 − 1. A ƙidayar kwamfuta kuwa, wadda ba ta san komai ba sai 0 da 1, lambar nan 1 ce guda 31 a jere, babu sifiri ko ɗaya a tsakani.

Abin da ya faru a manhajarka ke nan. Ma'ajin da ka zuba lambar yana da gurbi 32. Gurbi ɗaya na hagu shi ke nuna ko lambar tana sama da sifiri ko tana ƙasa, sauran 31 su ke ɗaukar ƙidaya. Da ka kai 2,147,483,647 duk gurabe 31 sun cika maƙil. Da ka ƙara 1 sai duka suka koma sifiri, ɗayan da aka ɗauko ya faɗa gurbin alama, kwamfuta ta karanta abin a matsayin −2,147,483,648. Ba kai kaɗai abin ya shafa ba. Tsofaffin tsare-tsaren Unix, wata manhajar gudanar da kwamfuta, suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970 a cikin irin wannan ma'aji, kuma zai cika ranar 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 na asuba, agogon GMT. Duk na'urar da ba a gyara ba, daƙiƙa ɗaya bayan nan za ta ɗauka tana cikin watan Disamba na 1901.

To, yanzu ga babbar tambayar: ta yaya aka san ba ta rabuwa?

Mai ƙaramin sani zai ce sai an gwada lambobi sama da biliyan biyu ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an yi haka ba. Masu raba lamba tafiyar bibbiyu suke yi. Ɗauki 36: 2 da 18, 3 da 12, 4 da 9, 6 da 6. Kowane lokaci ɗaya daga cikin biyun ba ya wuce 6, wato tushen murabba'in 36. In ka bincika har zuwa tushen ba ka sami komai ba, babu abin da za ka samu a sama. A lambarmu, 46,340 sau 46,340 ya ba da 2,147,395,600, wanda bai kai ta ba, 46,341 sau kanta kuwa ya wuce ta. Ka ga aiki ya sauko daga biliyan biyu zuwa dubu 46. Sannan ba kowace lamba za a gwada ba, sai gagara-rabo kaɗai, domin in 2 ba ta raba ta ba, 4 da 6 da 8 ba za su raba ta ba. Gagara-rabon da ke ƙasa da 46,340 sun kusa 4,800. Wayarka za ta gama wannan kafin ka ƙifta ido. Amma ka tuna wanda ya fara tabbatar da ita, Leonhard Euler ɗan ƙasar Suwizalan, a 1772 ya yi aikin, da hannu, kuma a lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Rabawa 4,800 na lamba mai alƙaluma goma ba ƙaramin aiki ba ne.

A nan ne siffar lambar ta yi masa rana, kuma ina so ka gan shi da idonka a ƙaramar lamba. Ɗauki 2^11 − 1, wato 2,047. Tana kama da gagara-rabo, amma 23 sau 89 ce. Yanzu ka yi ta ruɓanya 2, duk lokacin da ka kai 23 ko ka wuce sai ka ɗebe 23 ka ci gaba da saura: 2, 4, 8, 16, 9, 18, 13, 3, 6, 12, 1. Ƙirga su. Taku 11 ka dawo kan 1, daga nan zagayen zai sake farawa. Dawowa kan 1 a taku na 11 ita ce ma'anar cewa 23 ta raba 2^11 − 1. Pierre de Fermat na Faransa ya gano a 1640 cewa tsawon irin wannan zagaye dole ne ya raba lambar da ke ƙasa da gagara-rabon da 1. Ga shi kuwa: 23 ɗebe 1 ya zama 22, wato 11 sau 2. Haka 89 ɗebe 1 ya zama 88, wato 11 sau 8.

Mu kawo wannan kan lambarmu. Duk gagara-rabon da za ta raba 2^31 − 1, tsawon zagayenta 31 ne, don haka in ka ɗebe mata 1, dole 31 ta raba abin da ya rage. Tun da kuma mara ce, abin da ya rage cika ne, ke nan 62 ma sai ta raba shi. Daga nan 3 da 5 da 7 da 11 da dubbai irinsu sun fita ba tare da an taɓa alƙalami ba. Euler ya ƙara da wani sharaɗi da shi ma tabbatacce ne: mai raba irin wannan lamba, in aka raba shi da 8, sai dai ya bar saura 1 ko 7. Da aka haɗa sharuɗɗan biyu, waɗanda suka rage su ne lambobin da in an raba su da 248 suke barin 1 ko 63. Daga ƙasa har 46,340 ba su kai 400 ba, kuma mafi yawansu ba ma gagara-rabo ba ne. Duba na farko-farko: 63 tana rabuwa, 249 ita ce 3 sau 83, sai 311, wadda ita ce ta farko da ta cancanci gwaji. Raba 2,147,483,647 da 311, za ka sami 6,905,092, saura 35. Ta faɗi. Daga nan 497, 559, 745, 807, 993, 1,055 da 1,241 duk suna rabuwa, ba ruwanka da su, sai ka tsallaka zuwa 1,303. Haka Euler ya bi su har ƙarshe, babu wadda ta shiga. Ya rubuta wa masanin lissafi Daniel Bernoulli sakamakon, lambar ta zama gagara-rabo mafi girma da aka sani, ta kuma daɗe a wannan matsayi shekaru da dama.

Na tsaya a kan wannan ne saboda bambancin da ke tsakanin zato da hujja. Kafin Euler an sha faɗar cewa lambar nan gagara-rabo ce. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da 2^17 − 1 da 2^19 − 1 a 1588, aiki mai kyau, sannan ya yi hasashen cewa na 23 da 29 da 31 da 37 ma haka suke. A cikin huɗun nan ɗaya kawai ya dace, ita ce tamu. Ta 23, alal misali, wato 8,388,607, ashe 47 sau 178,481 ce. Marin Mersenne, malamin coci na Faransa wanda ake kiran wannan dangin lambobi da sunansa, ya fitar da nasa jerin a 1644. Ya sa 31 a ciki, ya yi daidai. Ya sa 67 da 257, ya yi kuskure, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107 waɗanda ya kamata su shiga. Sai a 1903 Frank Nelson Cole na Amurka ya fito da masu raba 2^67 − 1 a gaban taron masana: 193,707,721 sau 761,838,257,287. Waɗannan manyan malamai ne, amma zatonsu bai zama ilimi ba sai da aka kawo hujja.

A yau ba a bin hanyar rabawa ga lambobin Mersenne. Akwai gwajin da Édouard Lucas ya faro a shekarun 1870, Derrick Lehmer ya kammala shi wajen 1930. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta, ka ɗebe 2, ka raba da lambar da kake gwadawa, ka riƙe saura, ka maimaita. Gwada shi da 31, wato 2^5 − 1. Huɗu sau huɗu ɗebe 2, 14. Sha huɗu sau sha huɗu ɗebe 2, 194, saura 8 in an raba da 31. Takwas sau takwas ɗebe 2, 62, wadda 31 ta raba ba saura. Taku uku, wato 5 ɗebe 2, ka sauka kan sifiri, kuma wannan sifirin shi ne shaidar gagara-rabo. Lambarka taku 29 kacal take buƙata. Ka rubuta shi a manhaja, layi biyar zai ishe ka, amma ka yi amfani da ma'aji mai gurbi 64, in ba haka ba ninkawar za ta tumbatsa kamar yadda ka riga ka gani. Da wannan gwaji ne ƙungiyar masu sa kai ta GIMPS, wadda ta fara aiki a 1996, ta tabbatar da 2^136,279,841 − 1 a watan Oktoban 2024, lamba mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 a gagara-rabon Mersenne da aka sani. Taka ita ce ta takwas a jerin: 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, sai ita.

Saura batun rukuni. Akwai tsohon kashi da ya zo daga Girkawa, wanda Nikomakus ya rubuta wajen shekara ta 100 miladiyya, Sabit bin Ƙurra ya juya shi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Ka tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da lambar, kamila ce, kamar 6 (1 da 2 da 3) ko 28 (1 da 2 da 4 da 7 da 14). In jimlar ta zarce, mai rara ce, kamar 12, wadda masu raba ta suka taru suka ba da 16. In ta gaza, mai giɓi ce, kamar 10, wadda ta tashi da 8. Lambarka mai raba ta ɗaya ne tal ban da kanta, wato 1. Jimla 1, giɓi 2,147,483,646. Babu giɓin da ya fi wannan ga lamba mai girmanta, kuma haka kowace gagara-rabo take.

Abin da ya fi burge ni shi ne maƙwabtanta biyu. Ta gabanta, 2,147,483,648, ba komai a cikinta sai 2. Masu raba ta 32 ne: 1, 2, 4, 8, har zuwa ita kanta. Ka tara su ban da ita, me za ka samu? 2,147,483,647, lambarka daidai. Ke nan ita ma mai giɓi ce, amma giɓinta 1 ne kacal, saura ƙiris ta zama kamila. Ta bayanta kuwa, 2,147,483,646, ta farfashe kamar haka: 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Ga amsar 1 ɗin nan da na ce ka riƙe. Tun da 3 da 9 da 7 da 11 duk suna raba maƙwabciyar ƙasa, dole su bar saura 1 a kan lambarka. Masu raba wannan maƙwabciya nawa ne? Kowace daga 2, 7, 11, 31, 151 da 331 ko ka ɗauke ta ko ka bar ta, zaɓi biyu ke nan sau shida, ya ba da 64. Ita 3 tana da zaɓi uku: ka bar ta, ka ɗauki ɗaya, ko ka ɗauki biyu. 64 sau 3, masu raba ta 192. Jimlarsu ban da ita kanta 3,898,507,266, rara mai yawan gaske. Ba ma sai ka yi wannan dogon lissafi ba kafin ka san mai rara ce: 6 tana raba ta, kuma rabi da sulusi da sudusi sun riga sun cika ɗaya, ko 1 ka ƙara a kai an sami rara.

Ka dube su a jere. Ta farko masu raba ta 192, ta biyu 2, ta uku 32. Ta farko ta tumbatsa da rara, ta biyu giɓinta ya kai maƙura, ta uku taku ɗaya ya raba ta da kamala. Girmansu kusan ɗaya ne, in aka rubuta maka su a allo alƙalamin ƙarshe kawai ya bambanta. Shi ya sa ba na son a ba ɗalibi jerin laƙabobi ya haddace, a ce wannan mara ce, mai giɓi ce, kaza ce. In ya iya farfasa lamba zuwa gagara-rabon da suka gina ta, yawancin laƙabobin nan da kansa zai fito da su.

Duk da giɓinta, lambarka ita ce uwar wata kamila. Iƙlidis, masanin lissafi Bagirke, ya tabbatar tun wajen shekara 300 kafin miladiyya cewa duk lokacin da 2^p − 1 ta zama gagara-rabo (p ita ce lambar da ke sama, kamar 31 a taka), in ka ninka ta da 2^(p − 1) za ka sami kamila. Daga 3 aka sami 6, daga 7 aka sami 28, daga 31 aka sami 496, daga 127 aka sami 8,128. Daga taka, an ninka ta da 1,073,741,824, aka sami 2,305,843,008,139,952,128, kamila ta takwas, mai alƙaluma 19. Euler ɗin nan dai shi ya tabbatar da ɗaya ɓangaren, cewa duk kamilar da take cika ta wannan hanya ta fito. Ko akwai kamila mara, har yau masana ba su warware ba, ba a sami ko ɗaya ba kuma ba a kawo hujjar cewa babu ba.

Akwai wasu laƙabobi biyu da suka cancanci ambato. Na farko: ita 31 da ke samanta, ita ma gagara-rabon Mersenne ce, 2^5 − 1. Ke nan Mersenne ce a kan Mersenne. Irin wannan guda huɗu kawai aka sani: 7, 127, lambarka, da 2^127 − 1 mai alƙaluma 39 wadda Lucas ya tabbatar da hannu a 1876. Na biyu ya shafi murabba'ai. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'ai da ba su wuce huɗu ba. Wasu lambobin, murabba'ai biyu sun ishe su, kamar 13 da take 9 da 4. Amma lambar da ke barin saura 7 in an raba ta da 8 ba ta yarda da ƙasa da huɗu, kamar 7 kanta: 4 da 1 da 1 da 1. Ka duba alƙaluma uku na ƙarshen lambarka, 647. Takwas sau 80 ya ba da 640, saura 7. Sai da huɗu cur.

Tun da manhaja kake koyo, za ka sake haɗuwa da ita a wani wuri. Akwai tsohuwar dabarar fitar da lambobi masu kama da na kan-mai-uwa-da-wabi, wadda Stephen Park da Keith Miller suka yaɗa a 1988: ka ninka lambar da ke hannunka da 16,807, ka raba da 2,147,483,647, saurar ita ce lamba ta gaba. Saboda gagara-rabo ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, sai zagayen ya bi ta kan kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa. Irin zagayen da ka ƙirga da 23 ne, ya yi tsawo kawai.

Kada dai ka ɗauka iyakar kowane ma'aji gagara-rabo ce. Ma'aji mai gurbi 16 yana tsayawa a 32,767, wato 1 guda 15 a jere. Ka yanka su uku-uku, za ka sami 111 sau biyar, kuma 111 a ƙidayar kwamfuta 7 ce, don haka 7 ta raba ta. Ka yanka su biyar-biyar, 31 ta raba ta. Ga ta nan: 7 × 31 × 151. Guda 31 kuwa ba sa yankuwa kashi-kashi daidai, shi ya sa lambarka ta tsallake wannan tarko, kodayake 2,047 ta nuna mana tsallake shi kaɗai bai isa ba. Maganin matsalarka shi ne ka koma ma'aji mai gurbi 64, wanda iyakarsa 2^63 − 1, wato 9,223,372,036,854,775,807. Ita wannan 1 ce guda 63, suna yankuwa uku-uku, bakwai-bakwai da tara-tara. Ka gwada raba ta da 7, da 127, da 511, ka ga ko za a sami saura.